Hegemony: kalmar da "danniya" ba ta isa ta fassara ta ba

Akwai kalmomin Turanci da mai fassara ke wuce su a guje, akwai kuma waɗanda ke sa shi ya ajiye alƙalami ya yi tagumi. Hegemony na cikin kashi na biyu. Tana yawan fitowa a sharhin siyasar duniya, a jawaban shugabanni, a littattafan jami'a, har a labaran wasanni. Abin da ke fara zuwa baki shi ne "danniya" ko "mamaya" ko "babakere", sai a rubuta a wuce. Ba ƙarya aka yi ba, amma rabin zancen aka faɗa, kuma rabin da aka bari a baya shi ne ya raya kalmar fiye da shekara 2,000. Wanda ake dannewa ya san ana danne shi. Wanda ke ƙarƙashin hegemony kuwa sau da yawa da ƙafarsa ya zo, yana ganin hakan ne daidai, har ya kan yi faɗa da wanda ya ce masa akwai wata hanya.

Bari a fara da furuci, domin nan ne mutane da dama ke jin nauyin kalmar har su kauce mata. Gaɓa huɗu gare ta, kuma manyan ƙamusan Turanci sun amince da furuci uku. Na farko hi-GE-ma-ni, da g irin na "gero", wanda aka fi ji a Biritaniya. Na biyu hi-JE-ma-ni, da j irin na "jeji", wanda ya fi yawa a Amurka, ko da yake a Biritaniya ma ana jin sa. Na uku HE-ja-mo-ni, da ƙarfin murya a gaɓar farko, shi ma na bakin Amurkawa ne. Duk wanda ya ɗauki ɗaya daga cikin ukun nan bai yi kuskure ba, kuma wanda ya gyara masa ya nuna ɗaya kawai ya sani.

Me ya kawo saɓanin? Harafin g ne. A Girkanci, inda kalmar ta fito, sautin mai ƙarfi ne. Amma Turanci ya gaji wata ɗabi'a daga Faransanci da Latin na baya-baya: idan g ya zo kafin e ko i, sai ya yi laushi ya koma j, kamar a gem da general da giant. Tsofaffin kalmomin Turanci na asali ba su bi wannan doka ba, shi ya sa ake da get da give da girl. Da kalmar Girkanci ta shigo, masu ilimin tsofaffin harsuna sun riƙe g ɗinta na gida, sauran jama'a suka bi abin da ido ya saba. Furuci na uku kuma kwaikwayo ne. Kunne ya saba da ceremony da testimony da matrimony, dukkansu da ƙarfi a gaɓar farko, sai ya ja hegemony cikin ayarinsu, alhali ba danginsu ɗaya ba: ƙarshen waɗancan daga Latin yake, ita kuwa hegemon ce aka ƙara mata wutsiya.

Abin da ya fi g muhimmanci ga mai jin Hausa shi ne wurin ƙarfafa murya. Mu da karin sauti da tsawon wasali muke rarrabe kalmomi, shi ya sa kukan yaro da kukar miya ba sa rikita mu. Turanci kuwa gaɓa ɗaya yake ɗagawa ya raunana sauran, har wasulansu su kusa ɓacewa. Idan aka ba kowace gaɓa nauyi ɗaya, aka ce he-ge-mo-ni dalla-dalla, za a gane, amma kunnen mai Turanci zai ɗan yi tuntuɓe. A furuci biyun farko, wasalin gaɓa ta uku ba cikakken o ba ne, ɗan guntun sauti ne da ake wuce shi da sauri. Sannan ƙarfin yana ƙaura idan kalmar ta sauya riga. Sifarta hegemonic ce, ana cewa he-ja-MO-nik ko he-ga-MO-nik, ƙarfin ya koma gaɓa ta uku, kamar yadda economy ke komawa economic. Wanda ke riƙe da matsayin kuma shi ne hegemon, da ƙarfi a gaɓar farko. A rubutu, kuskuren da aka fi yi shi ne cusa d kafin g, saboda kunne na jin kamar hedge, wato shinge. Babu d a cikinta.

Yanzu ga ma'ana, kuma ba a fahimtar ta sai an koma inda aka haife ta. A tsohon Girkanci akwai aikatau hegeisthai, wato shiga gaba, nuna hanya. Daga nan aka sami hegemon, jagora ko ja-gaba, da hegemonia, jagoranci. Saiwar nan ce ma ta haifi exegesis, kalmar Turanci ta tafsirin nassi, wato jagorantar ma'ana zuwa fili. Babu bulala a asalin kalmar, babu sarƙa. Mutum ne a gaban ayari, saura na biye da shi domin ya fi su sanin hanya.

Girkawa ba ƙasa ɗaya ba ce a lokacin, birane ne masu cin gashin kansu, kowanne da dokarsa da sojansa. Da daular Farisa ta kawo musu yaƙi a shekarar 480 kafin miladiyya, sai suka haɗa kai suka ba Sparta jagorancin rundunar. Wannan shi ne hegemonia: birnin da sauran suka yarda ya shige gaba a yaƙi, ba tare da ya zama sarkinsu ba. Bayan an kori Farisawa, girman kai da muguntar kwamandan Sparta, Pausanias, suka ishi ƙawayen, suka roƙi Atina ta karɓi ragamar. A shekarar 478 aka kafa ƙawancen da yau ake kira na Delos, da sunan tsibirin da aka ajiye baitulmalinsa. Kowane birni ya kawo jiragen ruwa ko ya biya kuɗi.

Abin da ya biyo baya shi ne darasin da ya sa har gobe ake karanta masanin tarihin nan Thucydides. Ya lura cewa yawancin ƙawayen ba sa son barin gida su tafi yaƙi, sai suka zaɓi biyan kuɗi maimakon kawo jirage. Da kuɗinsu Atina ta ƙera jirage ta horar da matuƙa, su kuwa suka manta yadda ake yaƙi. Ba wanda ya ƙwace musu makami, da hannunsu suka miƙa. Ranar da tsibirin Naxos ya ce zai fita daga ƙawancen, sai Atina ta yi masa ƙawanya ta mayar da shi dole. A shekarar 454 aka kwashe baitulmalin daga Delos zuwa Atina. A shekarar 416, tsibirin Melos da ya ce shi ba ruwansa da kowane ɓangare, Atina ta kashe mazansa ta bautar da mata da yara. Girkawa suna da wata kalma daban ta wannan hali, arkhe, wato mulki ko daula. Ƙawancen ɗaya ne, birnin da ke gaba ɗaya ne, amma abin ya tashi daga hegemonia ya koma arkhe. Idan muka fassara duka biyun da "danniya", mun share labarin gaba ɗaya, domin labarin shi ne tafiyar da aka yi daga wannan zuwa wancan.

Filib na biyu, sarkin Makidoniya, mahaifin Iskandar, ya fahimci darajar kalmar sarai. Bayan ya murƙushe Atina da Thebes a yaƙin Chaeronea a shekarar 338, ya tara biranen a Korinti, bai ce shi ne sarkinsu ba. Laƙabin da ya karɓa shi ne hegemon. Kowa ya san takobi ne ya kawo shi, amma ya ga amfanin a ce zaɓarsa aka yi. Tun daga wannan lokaci kalmar ke da fuska biyu, kuma masu ƙarfi ke son a kalli mai kyan.

Ta shiga Turanci a ƙarni na 16, ta daɗe a kwance a littattafan tarihin Girka. A ƙarni na 19 ta farka, aka riƙa amfani da ita kan matsayin Purusiya a tsakanin ƙasashen Jamusawa. Daga baya masu ra'ayin gurguzu na Rasha, irin su Plekhanov da Lenin, suka ɗauke ta suka kai ta cikin gida: a wurinsu gegemoniya na nufin ma'aikata su jagoranci manoma da sauran talakawa wajen kawar da mulkin sarki.

Mutumin da ya ba ta nauyin da take da shi yau ɗan Italiya ne, Antonio Gramsci, ana furta sunan Giramshi. An haife shi a tsibirin Sardiniya a 1891, ya zama jagoran jam'iyyar kwaminis ta ƙasarsa, gwamnatin Musolini ta kama shi a 1926, aka yanke masa ɗaurin shekara 20 a 1928. Daga 1929 zuwa 1935, cikin rashin lafiya mai tsanani, ya cika littattafan rubutu fiye da 30 a tsare. Ya rasu a 1937. Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka buga rubutun a Italiya, kuma fassarar Turanci ta zaɓaɓɓun sassansa da ta fito a 1971 ce ta watsa kalmar a jami'o'in duniya.

Tambayar da ta hana shi barci mai sauƙin faɗi ce. Ya ga ma'aikatan Turin sun mamaye masana'antu a 1920, ya ga abin ya watse, ya ga talakawa da yawa sun bi Musolini. Me ya sa mutane ke goyon bayan tsarin da ba su ne ke cin moriyarsa ba? Tsoron 'yan sanda kaɗai bai isa amsa ba, domin babu gwamnatin da ke da ɗan sanda ɗaya ga kowane mutum. Amsarsa ita ce, masu mulki suna tsayawa da ƙafa biyu: tilas da yarda. Tilas na hannun soja da kotu da kurkuku. Yarda kuwa ana gina ta a makaranta, a wurin ibada, a jarida, a ƙungiyoyi, a cikin abin da iyaye ke gaya wa 'ya'yansu game da yadda duniya take. Idan ra'ayin masu mulki ya zama abin da kowa ke ɗauka "ai haka abin yake", har tunanin wani tsari daban ya zama kamar hauka, to an sami hegemony.

Akwai abin da masu ambaton Gramsci kan manta, kuma ina ganin shi ne mafi daraja a tunaninsa. Bai ce mutane wawaye ne da aka yi wa rufa-ido ba. Ya ce jagorancin ba ya tsayawa sai na sama ya sadaukar da wani abu na gaske: ƙarin albashi, 'yancin ƙungiya, wata kariya, wani mutunci. Mabiyi na samun rabonsa, ko da ƙarami ne, shi ya sa yardarsa ba ta banza ba ce. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, amma ladan an biya shi. Kuma tun da yarda ce, ana iya janye ta. A ganinsa, ranar da masu mulki suka koma dogaro da ƙarfi tsagwaronsa, ba ƙarfinsu ne ya ƙaru ba, jagorancin ne ya suɓuce musu. Tankokin yaƙi a kan titi alamar hegemony ta tsage ce. Wannan kaɗai ya isa ya nuna haɗarin fassara ta da "danniya": an juya ma'anar ta koma kishiyarta.

Masanin tarihin Indiya Ranajit Guha ya kafa hujja da wannan bambanci a littafinsa na 1997, wanda sunansa kansa ke cewa Dominance without Hegemony. Abin da yake nufi shi ne, mulkin mallakar Biritaniya a Indiya ya fi dogara ga tilas fiye da lallashi, bai taɓa samun yardar da irin wannan gwamnati ke samu a gida ba. Ko mutum ya yarda da Guha ko bai yarda ba, sunan littafin ba zai yi ma'ana ba in da kalmomin biyu abu ɗaya suke nufi.

A fagen hulɗar ƙasashe kalmar ta bi wata hanyar. Masanin tattalin arziki Charles Kindleberger, a nazarinsa na 1973 kan karayar tattalin arzikin duniya da ta fara a 1929, ya ce abin ya yi muni ya kuma daɗe ne domin babu mai riƙe ragama: Biritaniya ta gaza, Amurka kuma ba ta so. Daga nan aka gina ra'ayin cewa kasuwancin duniya na bukatar ƙasa guda da za ta buɗe kasuwarta, ta ba da bashi lokacin tsanani, ta samar da kuɗin da kowa ya amince da shi. Taron Bretton Woods na 1944, inda ƙasashe 44 suka hallara, ya ɗora dala a wannan matsayi, aka ɗaure ta da zinariya a kan dala 35 kowane oza. Shugaba Nixon ya yanke wannan igiya a 1971, amma dala ba ta sauka ba. Har yau fiye da rabin kuɗin ajiyar da manyan bankunan ƙasashe ke bayyanawa a dala yake. Ba wanda ke ɗora wa ɗan kasuwar wata nahiya bindiga ya ce ya rubuta farashinsa da dala. Yana yi ne domin abokin cinikinsa ma haka yake yi, bankinsa ma haka. Sai ranar da aka ƙaƙaba wa wata ƙasa takunkumi aka toshe mata hanyar dala, sannan ƙafar tilas ta bayyana. Ban san misalin da ya fi wannan nuna fuskokin kalmar biyu a wuri ɗaya ba.

Saboda haka ne kalmar ta zama makami a bakin 'yan diflomasiyya. Jami'an Amurka ba kasafai suke kiran matsayin ƙasarsu hegemony ba, leadership suke cewa, wato jagoranci. Masu suka ne ke cewa hegemony. A Sin kuwa kalmar da ake fassara ta da ita, baquan, zargi ce kai tsaye, tana ɗauke da warin fin ƙarfi. Sanarwar Shanghai ta Fabrairun 1972, lokacin ziyarar Nixon a Sin, ta ce babu ɗaya daga ƙasashen biyu, Amurka da Sin, da zai nemi hegemony a yankin Asiya da Pasifik, kuma za su yi adawa da duk mai nema. Kowa ya gane da Tarayyar Sobiyet ake. Irin wannan sashe ne ya jawo doguwar taƙaddama kafin Sin da Japan su sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya da abota a 1978. A irin waɗannan takardu, "babakere" ko "fin ƙarfi" fassara ce mai kyau, domin abin da masu maganar ke nufi ke nan.

Masu karatun Larabci za su lura da wani abu: Larabawa na fassara ta da haimana, kuma sautin ya yi kama har mutum ya zaci aro ne. Dacewa ce kawai, asalinsu daban. Amma dacewar mai kyau ce, domin daga wannan saiwa Al-Muhaimin ya fito, sunan Allah da ya zo a ƙarshen Suratul Hashri, mai ma'anar Mai tsaro da kulawa a kan komai. A can ma asalin ba zalunci ba ne, rinjaye ne haɗe da kiyayewa, sai siyasar zamani ta ba kalmar ɗaci.

Ta fuskar nahawu ba ta da wahala. Suna ce da galibi ba a yi mata jam'i. Ana cewa hegemony over wani, ko hegemony in wani yanki. Ana kafa ta, a riƙe ta, a ƙalubalance ta, a rasa ta. Ana jingina mata sifa: ta yanki, ta al'ada, ta tattalin arziki, ta harshe. Kalma ce ta rubutu da lacca, ba ta hirar yau da kullum ba, kuma wanda ya sa ta inda dominance ko control za su wadatar ya sa babbar riga don zuwa ɗibar ruwa. Marubuta wasanni na son ta. Da Bayern Munich ta ci gasar Jamus sau 11 a jere, daga 2013 zuwa 2023, kafin Bayer Leverkusen ta karya jerin a 2024, an yi ta kiran abin hegemony. Da farko nakan ga kamar an zarce, tun da ba ƙungiyar da ta yarda a ci ta. Amma idan aka kai inda sauran ƙungiyoyi ke shiga kaka da burin zama na biyu, suna sayar wa zakaran gasar 'yan wasansu mafi kyau suna ganin hakan ciniki ne mai riba, to kalmar ta fara zama a wurinta.

To da me za mu fassara ta? Ba mu rasa kalmomi ba, sai dai kowacce gefe ɗaya take kamawa. "Danniya" da "kama-karya" sun ɗauki tilas sun bar yarda. "Mamaya" na sa a ga soja a ƙasar wani. "Babakere" da "kane-kane" sun dace da wanda ya tare wuri ya hana kowa, sun yi daidai da kasuwa da wasanni. "Kaka-gida" ta kama daɗewa da zama daram. "Jagoranci" ta ɗauki yarda ta wanke mai ƙarfi tas, wanda shi ne abin da Filib ya so. "Rinjaye" ce ta fi kusa, domin ana rinjayar mutum da ƙarfi, ana kuma rinjayarsa da hujja, sai dai ba ta nuna tsari mai ɗorewa. Ni dai abin da nake yi shi ne in tambayi jimlar: wa ke magana, kuma wace fuska yake nunawa? Idan mai zargi ne a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, "babakere". Idan tarihin Girka ne kafin Naxos, "jagoranci". Idan Gramsci ne, ba na jin kunyar tsawaitawa: rinjayen da aka sa mutane suka yarda da shi har suka ɗauke shi ɗabi'a.

Wasu za su ce a are ta kawai, kamar yadda aka ari dimokuraɗiyya, wadda ita ma daga Girkanci ta taso. A rubutun ilimi ina goyon bayan haka, muddin an yi bayaninta a karon farko. A labarai na rediyo kuwa ban ga amfanin jefa wa mai sauraro kalmar da zai tsaya yana tambaya ba. In za a ara, sai an zaɓi harafi, domin g a rubutun Hausa ba ya laushi: wanda ya ga "hegemoni" da g mai ƙarfi zai karanta, wanda ya ga "hejemoni" da j. Dukansu suna da madogara a Turanci. Ni na fi karkata ga ta g, saboda ta fi kusa da yadda masu ita suka furta ta, kuma mai karatu da ya je neman ta a ƙamus zai same ta ba tare da ya sauya harafi a tsakiya ba.